Kiran Waya Daga Sudan Ta Kudu

A tashar Yendi, wani dattijo da wata mata suna jiran motar Bawku ta cika.

"'Yata, ke kaɗai da wannan kaya? Ina maigidan?"

"Soja ne, Baba. Yana Sudan ta Kudu, aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya."

"Ya tafi raba faɗan wasu, ga namu na Bawku bai ƙare ba?"

"Inda aka tura shi ya je."

"To, can ɗin da sauƙi?"

"Duk sanda ya kira, sai ya ce lafiya lau. Amma ina jin ƙarar bindiga ta wayar."

"Ke me kike ce masa?"

Ta rage murya.

"Lafiya lau. Sai dai ni ina rufe taga kafin in ɗauka."