Duwatsun Kwalbati

A tashar Kiyawa, wani dattijo ya ƙare wa saurayin da ke kusa da shi kallo. Takalmin robar saurayin duk taɓo ne.

"Samari, kamun kifi ka je?"

"A'a Baba, ma'aikaci ne ni. Magudanun ruwan tsohon wajen fasa dutse aka turo ni dubawa kafin damina."

"Dubawa! Shekara ashirin da tashin masu fasa dutsen, sai yau kuka tuna? Ku leƙa rami, ku ɗauki hoto, ku koma ofis ku sha fanka. Aikin ke nan! Bara ruwa ya cinye mini gero kaf, ban ga ƙeyar kowa ba."

"Ai kwalbatin ne ya rufta, Baba. Wasu marasa tunani ne suka ciccire duwatsun da suka tallafe shi."

"Su wa ne marasa tunanin? Duwatsun da ke zaune a banza! Ka san nauyinsu kuwa? Jakina sai da ya yi sati yana ɗingishi."

Saurayin ya juyo sosai.

"Me ka gina da su, Baba?"

"Ɗakin awaki."

"Yana nan?"

Dattijon ya ja tsaki, ya kau da kai.

"Shi ma ruwan ya tafi da shi."