Kwamfuta Mai Shan Ruwa

An ce a Lamorde ana ƙera wa wata kwamfuta akwatin katako, wai ruwa take sha. Malama Salome ba ta yarda da ji-ta-ji-ta, sai ta je shagon kafintan, ta tarar mai kwamfutar na jayayya da shi.

"Malam Jatau, ina ramukan da na zana?"

"Na toshe, saboda kyankyasai. Mai ruwa me za ta yi da iska?"

"Zafin kwamfutar ruwan yake kwasowa ya kai wa fanka. Ba rami, abin sana'ata zai ƙone."

"Randa ma ba ta da taga."

"Randa tana zufa. Katakonka fa?"

Jatau ya jawo abin huda katako.

Ashe kwamfutar ba ta shan ko ɗigo. Ruwan a cikin bututu yake zagayawa.