Ranar da Kaka Ta So Shanya Ni

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Ceto! Na baya, ba sai kun miƙe ba. Ni ne Iliya, zabiyan nan da ake hangowa tun daga bakin kasuwa.

Ni da rana ba mu taɓa shiri ba, a Dakoro kuwa rana ba ta hutu ko ran Lahadi. Bara wani ƙurji ya fito mini a kunnen dama, ya yi ɓawo, ya ƙi warkewa. Ina ta raha a lakkol, makarantarmu, wai kunnena ne ke toho. Da lokotoro ya ce farkon kansar fata ce, in ta yi nisa sai an yanke kunnen, sai dariya ta ɗauke. Na ji tsoro, 'yan'uwa, tsoro na gaske.

Kafin mu tafi babban asibitin Yamai na durƙusa bayan rumbu na ce, "Ya Yesu, kunnen nan bai cika jin magana ba, amma kai ka yi shi. Ka bar mini abina." Na tashi zuciyata wasai!

A can muka tarar da wata likitar fata baƙuwa. Ta ce babu wuƙa. Magani za a shafa, ya shige cikin cutar ya lafe, sannan a haska jar fitila ta tashe shi ya kashe ta. Ta ce masu bincike ma suna ƙera wasu ƙwayoyi daga furotin, irin sinadarin da ke cikin ƙwai, ido ba ya ganinsu, su kai maganin har kan ƙari. Na ce a auno mini tiya guda. Ta ce ba su iso ba tukuna.

Aka shafa, aka haska. Fitilar nan da zafi! Na kira Yesu, na kira Inna, na kira har akuyarmu.

Aka ce kada rana ta taɓa ni sai maganin ya fita. Muna isa gidan kawuna, sai ga Kaka, wadda ta rako mu, tana shimfiɗa tabarma a tsakar gida da rana tsaka.

Ta ce wa Inna, "Ke Saratu, tunda haske ke tada maganin, 'yar fitilarsu me za ta yi? Miƙo Iliya in shanya shi kamar kuɓewa."

"Haba Iya, ƙonewa zai yi!"

"To ba ƙonewar ake so ba?"

"Har da kunnen, Iya!"

Kaka ta naɗe tabarmarta, ta tura ni ɗaki, ta zauna a ƙofa da sanda. Ko kaza ta ɗaga labule sai ta sha duka.

Da muka koma, likita ta duba ta ce wurin ya share. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji da ya ji addu'ata. Mai ciwon da ya ƙi warkewa, ka yi addu'a, ka je asibiti, ka dogara ga Ubangiji, ba ya kunyatarwa. Mai son taɓa kunnen kuma ya bi layi bayan sujada, amma a hankali, Yesu ne ya bar mini shi. Amin!