Awarwaron da Ba Na Cirewa

Salamu alaikum mai gabatar da shiri. Ni ce Hajiya Indo daga Jidda. Maƙwabciyata ke rubuta mini, ban yi karatu ba.

Fura nake sayarwa a Bab Makka. Ina biyan hayar ɗakina, ba mai juya ni, alhamdulillahi. Sai dai ba ni da iƙama, takardar izinin zama, balle asusun banki. In na samu ciniki, awarwaron zinari nake saya in sa a hannu, don wanda aka kama, da abin jikinsa kawai ake mayar da shi gida.

Jiya ɗana ya bugo waya daga Kano, ya ce, "Inna, aiko da su in adana miki." Yaron kirki ne, amma tsoro nake ji a kama ni hannu wayam. Jama'a, in aika ko in bari?