Wa Zai Karɓi Gwaggo a Ɗakin Jarirai?

Mai girma shugaban taro, Fastonmu da uwargidansa, dattawan ikilisiya, 'yan ƙungiyar addu'a, mawaƙa, iyayena, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Na gode da aka ba ni dama in karanta rahoton ƙungiyar hidima kafin wa'azi. Rahoton yana hannun magatakarda, mai so ya je ya duba. Ni da wata magana na zo, kuma ku gafarce ni, raina a ɓace yake.

Maganar Gwaggo ce, tsohuwar da ke riƙe mana jarirai a ɗakin baya duk ranar Lahadi. Shekara goma sha tara tana can, ɗaya a baya, ɗaya a cinya, ɗaya yana jan zanenta, domin iyaye mata su zauna su ji Maganar Allah a natse. Wasunku da ke cikin mawaƙa yau, masu gemu har da ɗaga kafaɗa, ita ta share muku majina. A duk shekarun nan ba ta taɓa jin wa'azi daga farko har ƙarshe ba. Yanzu likita ya ce kunnenta na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya, da wuya ya kai ƙarshen shekara.

Na farko, 'yan ƙungiyar addu'a. Na san kuna durƙusawa, na san kuna azumi, Allah ya saka muku. Mako bakwai sunan Gwaggo yana cikin jerin waɗanda kuke yi wa addu'a. To, amma kuna roƙon Allah ya buɗe mata kunne ta ji me? Kukan 'ya'yanku? Kuna tashi daga addu'ar safe, ku miƙa mata jariri da jakar kayansa, ku ce, "Gwaggo, muna ta tuna ki," ku wuce benci na gaba. Haba, 'yan'uwa. Cikinku ba wanda Ubangiji ya taɓa raɗa masa cewa ya je ya karɓe ta ko da Lahadi ɗaya?

Na biyu, mu 'yan hidima, kuma laifinmu ya fi ci mini rai, domin ni ce shugaba. Da muka ji labarin, mu shida muka ɗunguma gidanta. Muka share tsakar gida, muka wanke tukwane, muka cika randa, har labule muka cire muka wanke. Sau uku tana cewa, "Ku zauna mana, akwai maganar da nake so in yi." Sau uku ina amsa mata daga bakin famfo, "Gwaggo, bari mu gama tukuna." Muka gama, muka yi mata sallama, muka tafi muna yaba wa kanmu. Addu'a ma a tsaye muka yi ta, hannuna yana kan ƙofa.

Sai shekaranjiya, da surukarta ta tare ni a hanya ta ce in koma, na je na zauna a gabanta ba tsintsiya a hannuna. Ta ce, "'Yata, ai shara ba ta gagare ni ba. So nake in zauna a cikin majami'a kamar kowa, in ji abin da ake faɗa tun kunnen nan bai rufe ba. Na ji kunyar roƙo ne, kada a ce na gaji da aikin Allah." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Na uku, dattawa, cikin ladabi nake faɗa. Sau huɗu ana kawo maganar raba aikin ɗakin nan a zamanku, sau huɗu ana cewa a kai ta gaban Ubangiji tukuna. Mun kai. Mun sake kaiwa. Amsar kuwa mu ne, muna zaune a kan benci, mun naɗe hannu.

Mun raba kanmu gida biyu, waɗansu sun riƙe gwiwa, waɗansu sun riƙe hannu, kowa yana ganin nasa ne ibada. Mai addu'ar da ba ya tashi, me ya ji? Mai hidimar da ba ya zama, wa yake yi wa? Daga yau ina roƙo, duk mai zuwa addu'a ya ɗauki Lahadi ɗaya a ɗakin jarirai, maza ma ba a cire ku ba. Duk ɗan hidima kuma, in ba ranar aikinsa ba ce, ya zauna ya saurara, ko duniya za ta tashi.

Ubangiji ya gafarta mana, ya ba mu kunnen ji da ƙafar tashi, ya albarkaci ikilisiyar nan, ya tsare wa Gwaggo abin da ya rage mata.

Jarirai tara ne a can yanzu, ni kaɗai ba zan iya ba, mutum biyu su biyo ni. Na benci na gaba, a matsa mata wuri. Fasto, kada ka fara sai ta zauna, in ka fara kuma ka ɗaga murya, ka bi a hankali.

Na gode.