Kabarin da Ake Rawa a Kansa

A tashar Lome, tsohuwa Adaku na jiran motar Aneho ta cika, sai saurayin da ke gefenta ya miƙo mata wayarsa.

"Mama, da alama ke 'yar can ce. Wannan otal na bakin teku ya yi? An ce ga gasasshen kifi, ga rawar gargajiya kullum."

"Rawar ubanka! A tsakar gidanmu suka gina shi. Inda suke taka rawar nan, uwata ce kwance a ƙasa."

"Ayya, Mama, ni hutu kawai nake nema."

"Ita ta huta ne? Bara na je zuba mata ruwa da garin masara, mai gadi ya ce sai baƙi. Ni da aka binne cibiyata a wurin!"

"To, wa ya sayar musu?"

Adaku ta ƙara ɗaure zaninta tamau.

"Ɗana. Kar ka sake tambayata."

"Shi ke nan, na fasa. Zan nemi wani."

"Wa ya ce ka fasa? Can za ka sauka! A ƙofa ka riƙe hannuna, ka ce musu ni ce uwarka."