Soket Kusa da Kujera

A bakin shagon kayan lantarki, wani dattijo riƙe da guntun tsohuwar wayar wuta ya tare wani mai gyaran wuta da ke jiran a sallame shi.

"Ɗana, irin wannan ce a bangon gidana. Soket nake so a janyo mini kusa da kujerata."

"Baba, wannan ai ta girme ni! Dubi robar, marmashewa take yi."

"Sa'ar aurenmu ce. Ba ta taɓa yi mana gardama ba."

"Daga ina za a janyo?"

"Daga na bayan ƙofa. Shi ma daga na falo aka janyo shi."

"A'a, Baba. Soket yakan haifi ɗa, amma jikansa gobara ce. Me za ka jona ne haka?"

"Ni? Ba komai. Tun da yara suka saya wa uwarsu salula, a bayan ƙofa take wuni tana caji. Ni kuwa sai hira da bango."

"To ka ja kujerar can mana!"

Dattijo ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

"Shekara arba'in ita ke zuwa inda nake. In na ja kujera, ai sai ta gane."